Yadda Maigida Ya Bar Hannuna

Akwai wata magana da ke yawo a cikin dangi, na daɗe ina jin ta ina haɗiyewa. Ana cewa wai ɗana Kabiru ya zo Bungudu a fusace ya ƙwace ɗansa daga hannuna saboda na sangarta shi da waya. Na ji ta a gidan suna, na ji ta a gidan gaisuwa, har wata jikata da ba ta gama iya ɗaurin ɗankwali ba ta taɓa maimaita mini ita tana kallon idona. To ku 'ya'yana da jikokina da za ku karanta wannan, ba haka aka yi ba. Kabiru bai ƙwace kowa ba, ko murya bai ɗaga mini ba. Ku bar ɗora wa bawan Allah laifi, ku ji yadda abin ya tafi daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Yaron da ake magana a kansa shi ne ɗan farin Kabiru. Sunan marigayi Malam, mijina, aka sa masa, don haka ban taɓa kiran sunan ba, Maigida nake ce masa, har ya bi shi makaranta. Ana yaye shi aka kawo mini shi Tsafe, inda nake koyarwa a firamare, kamar yadda aka saba, ɗan fari na kaka ne. Uwarsa Hadiza ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ubansa kuwa in zai yi zancensa sai dai ya ce "yaron ga" ko "wancan", yana kallon wani wuri dabam. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurina ya koye ta, don kuwa haka ya ga ina yi wa yayarsa, ɗiyata ta fari. Ni da Maigida kuwa babu wannan shamakin. Ya ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, in ce masa miji ba gemu. Ya ɓoye mini goro, in ɓoye masa takalmi. Tun rasuwar Malam babu wanda ya cika mini gida da hayaniya kamarsa.

Bayan na ajiye aiki, zaman Tsafe ya fara yi mana wuya. Kun san abin da ƙasar ta shiga, ba sai na tsawaita ba. Muna jin harbi daga ƙauyukan da ke kewaye, mutane na shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Kabiru ya matsa in koma Gusau wurinsa, na ce ban iya zama gidan da ba a kiwon ko kaza ba. Muka rabu a kan in koma gidan mahaifina a Bungudu, kusa da shi, yana zuwa duba mu kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Lokacin Maigida yana da shekara goma sha biyu. Ya bar abokansa biyu da suka tashi tare, Bashar da ya rage a Tsafe, da Nura, wanda iyayensa mutanen Bilbis ne, su ma suka kwashe suka yi wajen Funtuwa. Bai yi kuka ba ranar da muka tashi, amma ya daɗe ba ya fita ƙofar gida.

Waya biyu Kabiru ya kawo gidan. Ɗaya ta yaron ce, ta karatu, ya zauna a kan tabarma ya daɗe yana danne-danne, sannan ya ce mini ya ɗaure ta tamau. Ya rubuta mata shekarun yaron, duk wasan da aka yi wa alamar manya ba za ta yarda ta sauko da shi ba. Ɗayar kuma tawa ce, don in riƙa jin karatu da wa'azi, in ga hotunan jikoki. Da ya zo buɗe mini ita ya tambaye ni ranar haihuwata. Na ce masa innata ta ce da kaka ne, an gama yankan gero. Ya yi dariya ya sa mini ɗaya ga watan ɗaya, irin wadda ake sa wa kowane tsoho, ya laluba shekara ya ɗora. Wayar ta karɓa ba gardama. Tun daga ranar ta san mai ita tsohuwa ce da ta haura sittin, ba ta kuma sake tambaya ba. Ni ban iya kai ta caji ba, ban iya sa mata data ba, ban iya nemo malamin da nake so ba. Duk Maigida ke yi. In ya ce "Inna, ara mini," ina aka taɓa jin kaka ta hana jika abin hannunta?

Wata Juma'a da damina, na yi wa Kabiru ƙorafin wayar ta cika nauyi, in na danna sai ta yi ta tunani. Ya karɓa ya duba. Na ga fuskarsa ta canza. Ya juyo mini da ita, ga hoton wani ƙato da bindiga, a gefe kuma wata 'yar jar alama da lamba goma sha takwas a ciki. Maigida na zaune a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, bai fi taku uku da ubansa ba. Amma ni Kabiru ya fuskanta.

"Inna, ki tambayi yaron ga mi ya kawo wanga abu cikin wayarki."

"Ga ka ga shi, ka tambaye shi mana."

Kabiru ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

"Ki gaya mishi wanga wasa na manya ne. Kisa ne ciki da jini. Ga alama nan an rubuta. In aka yi hutu zan tahi da shi Gusau, inda ido zai riƙa kai gare shi."

Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Amma tare da faɗuwar gaban sai wani abu ya taso mini, halina na malamar makaranta da ba ya barina in ga abu ban tono gindinsa ba. Na yi shekaru ina kallon yara, na san ba sa naɗe wa abu a banza. Yaron da ya ji harbin gaske, wanda na gani da idona ya shige ƙarƙashin gado, me zai kai shi wasan harbi? Kuma wannan alama da Kabiru ya dogara da ita, wa take tsarewa, ta yaya? Na ce masa kada ya goge komai, ya ba ni zuwa hutun. In na gama dubawa na ga zaman yaron a wurina cuta ne, da hannuna zan haɗa masa kaya. Bai so ba, amma bai iya musu da ni ba.

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya na kira Maigida. Ya zo yana raɓe-raɓe, ya ɗauka faɗa ne. Na miƙa masa wayar.

"Koya mini."

"Mi zan koya miki?"

"Abin da ya sa ubanka ya kasa cin tuwona jiya."

Ya dube ni, ya ga da gaske nake, sai dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki. Abin da ya fara nuna mini shi ne ƙofar shiga. A wayata ma ba a tambaye shi komai ba, tunda ta riga ta san shekaruna. A wayoyin wasu, in ji shi, akan tambayi shekarar haihuwa, sai ka murza lambobin da yatsa su gangara ƙasa, ka tsaya inda ka ga dama. Bashar ɗan shekara arba'in ne a can. Nura kuwa da wayar yayansa yake shiga. Na ce, to in ka yi ƙarya wa zai kama ka? Ya ce babu kowa. Na ce, ba a cewa ka nuna fuska, ko ka kawo babba ya shaide ka? Ya ce a wanda suke yi dai ba a cewa.

Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai. Lokacin da na fara koyarwa, iyaye kan kawo yara ba takardar haihuwa, kowa ya ce nasa ya isa shiga aji. Ba ma ɗaukar maganar baki. Sai mu sa yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo, ya shiga. In bai kamo ba, ya koma gida sai baɗi, ko uban ya rantse da abin da ya fi haka. Mu da ba mu da komai sai alli da allo mun san a gwada. Ga kuma mutanen da suka iya sa mutum ya yi gudu cikin gilashi, sun tsaya a kan tambaya kawai. Na yi ta juya wannan a raina. Daga baya na fahimci ba wauta ba ce. Ba mai gadi suka ajiye ba, sanarwa suka liƙa, suka bar gadin ga mutanen gida. Mutanen gida kuma, a gidanmu, uba ne da ba ya iya kallon ɗansa, da kakar da ba ta iya cewa a'a.

Ban tsaya nan ba. Ranar kasuwa na sa mayafi na je rumfar masu waya, wurin wani saurayi da ke tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Na tarar da yara sun yi masa rumfa ta biyu da kawunansu. Na ce ya nuna mini yadda yake sa wasan. Ya haɗa waya da waya, kafin in gyara tsayuwa ya ce an gama. A wannan hanyar ko tambayar ma babu. Na nuna masa jar alamar na ce mece ce wannan.

"Hajiya, ai ita ce ke sayar da shi. In babu ta, yaran ga cewa suke gem ɗin jarirai ne, ba su so."

Wani ɗan ƙanƙani a gefe, da majina a hanci, ya tabbatar mini da haka, ya ce mai sha takwas ya fi daɗi. Na dawo gida ina dariya ni kaɗai a hanya, dariyar da ba ta daɗi ba. Ashe abin da manya suka kafa don ya kore su, shi yaran suka mayar alamar kaya mai kyau.

Sai koyon wasan kansa. Ku da kuka ji ana cewa Inna ta yi wasan bindiga kuna tsammanin sharri ne, gaskiya ne, na yi. Ana jefo ka daga jirgin sama ka sauka wani tsibiri, ka bi gidaje kana tsintar makamai, kowa na neman kowa, wanda ya rage a raye shi ya ci. Ni dai ban taɓa wuce tsintar ba. In na ce mutumina ya yi gaba sai ya rungumi bango, in na ce ya tsuguna sai ya yi tsalle. Kafin in gano inda ƙofa take an harbe ni.

"Inna kin mutu kuma."

"Wa ya kashe ni?"

"Wani ne daga kan bene. Tun ɗazu yake kallonki kina zagaya bishiya."

"Bai ga tsohuwa ba ce? Marar tarbiyya."

Jinin yana nan, ban ce babu ba. In an harbi mutum wani ja yakan fantsama, ya durƙusa yana jan jiki. Ranar farko sai da na kawar da kai. Amma na lura Maigida ba jinin yake kallo ba, idonsa na kan taswirar da ke ƙuryar gilashin, yana lissafin inda zai ɓuya. Wata rana muna zaune, hadari ya haɗo, na yi masa tambayar da ke cina tun farko. Na ce, kai da ka san ƙarar ta gaske, me ka gani a wannan? Ya sa yatsa yana murza gefen tabarma.

"A Tsafe in sun fara, sai dai mu kwanta mu yi shiru. Nan ni ma ina da tawa bindigar."

Na tashi na kwashe shanya kafin ruwa ya sauko.

Akwai abin da bai nuna mini da wuri ba, sai da ya saki jiki da ni sosai. Ashe ana magana a cikin wasan. Ya ciro abin kunnen nan mai igiya biyu, ya sa ɗaya a kunnensa ya sa mini ɗaya. Sai ga murya tar kamar a tsakar gidana.

"Inna Malama, ina wuni? Bashar ne."

Kafin in amsa Nura ma ya gaishe ni daga can Funtuwa, yana tambayar ko har yanzu ina yin ɗanwaken nan mai yaji. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Yara uku da aka watsa gari uku, ga su a wuri ɗaya suna tsokanar juna, wannan na cewa wancan matsoraci, wancan na ba da labarin wanda ya karye a ƙwallo. Rabin lokacin ma ba harbi suke ba, ɓuya suke a wani ɗaki cikin wasan suna hira. Na ce a raina, to ga amsar da zan kai wa Kabiru. Ba kisa yaron ke nema ba, dandalinsu ne da aka rushe suka sake ginawa inda suka samu. Har na fara shirya yadda zan jera masa maganar, na tabbata zan riƙe jikana.

Ana shiga wasan ne huɗu huɗu, su kuwa uku ne. Na huɗun wani ne da suke kira Oga, wanda suka tsinta a can ciki tun kafin azumi. Sun ce gwani ne, in suna tare da shi ba a cin su, yana kuma yi musu kyautar riguna da bindigogi na cikin wasan. Ban ji shi ba sai wata Talata da hantsi, ranar ba a yi makaranta ba. Ina ɗinkin hula, abin kunnen na kunnena guda, sai ya shigo. Muryar babban mutum ce, cikakkiya, ba ta saurayi ba. Hausarsa irin tamu ce, amma na kasa ce mata ta wane gari. Yana da fara'a, yana kiransu ƙannena. Na yi wa Maigida alama kada ya ce ina ji. Nan take wani tunani ya zo mini da bai taɓa zuwa ba. Wannan mutumin ai shi ne mai wurin. Shi aka rubuta wa alamar, ya cika shekarun, ba wanda ya yi wa ƙarya. Yaranmu ne baƙi. Duk tsawon lokacin ni da Kabiru mun ɗauka jar alamar jini kawai take nufi, ba mu kawo cewa tana kuma gaya mana irin waɗanda ke zaune a ciki ba. Zauren manya ne, mu kuma mun bar yaro yana shiga shi kaɗai.

Suna tsakiyar wasa, yana ce musu ku bi ta dama, ku jira ni, sai ya jefo tambaya a cikin raha.

"Kai na Bungudu, babanka ma'aikacin nan na Gusau, har yanzu Juma'a yake zuwa?"

"E, bayan masallaci," in ji Maigida, idonsa na kan gilashi.

"Da farar motar nan? Shi kaɗai yake tuƙowa?"

"Shi kaɗai. Oga ga wani bayanka!"

Allurar ta shige mini yatsa ban ji ba. Na bari suka gama, na ce ya kashe wayar. Na tambaye shi a hankali, kamar hira, ko Oga ya saba irin waɗannan tambayoyin. Ya ce e mana, yana tambayar kowa. Ya tambayi Bashar shanun kawunsa, ya tambayi Nura sana'ar yayansa. Shi kuma ya taɓa tambayarsa su nawa ne a gidan, ya ce shi da kakarsa ne kawai. Na ce, shi Ogan fa, ya gaya muku garinsu? Ya yi tunani, ya ce bai taɓa faɗa ba.

Ga inda nake so ku tsaya ku fahimce ni. Har yau ban san ko wane ne mutumin nan ba. Ta yiwu wani tela ne marar ciniki, mai son surutu, da ba ya nufin kowa da sharri. Mu Hausawa ai tambaya ce gaisuwarmu, ina gida, ina aiki, ina babanka. Na sha kwanciya ina auna muryarsa, wata rana in wanke shi, wata rana in kama shi. Amma a ƙasarmu a shekarar nan, wanda ya san ranar tafiyarka da launin motarka da cewa kai kaɗai ne, ya san abin da ya isa. Hanyar Gusau zuwa Bungudu gajera ce, amma ba ta fi ƙarfin tsautsayi ba. Ina da hanya biyu. In goge wasan in yi shiru, in ƙirƙiro wa Kabiru dalilin canza rana, in riƙe jikana. Sai dai na riga na ga rumfar kasuwa da idona, na san abin da na goge da safe zai dawo da yamma ta wayar wani. Na kuma san kaina, in ya marairaice ya ce "Inna", zan miƙa. Ko kuwa in faɗa wa uban gaskiya duka, in san ko hutun ba za a jira ba.

Da safe na ce wa Maigida zan je asibiti a duba mini ido, na bar shi wurin maƙwabta, na hau mota zuwa Gusau. Na sami Kabiru bai fita ofis ba. Ya gan ni ba sanarwa, ya miƙe tsaye. Hadiza ta kawo ruwa ta koma bayan labule, ina ganin ƙafafunta. Na ba shi labari tun daga murza lambobi har zuwa farar mota. Na gaya masa na Bashar da Nura ma, don kada ya ɗauka ɗansa ɗan ta'adda ne, na ce ya nemi iyayensu ya sanar da su. Da na kai ƙarshe ya riƙe kai da hannu biyu.

"Amma Inna na ɗaure tashi wayar. Na sa shekarun daidai."

"Ka ɗaure waya, ba ka ɗaure yaro ba. Juma'ar ga kada ka zo. Ka aiko a ɗauko shi."

Ya ɗago ya dube ni, don bai zaci daga bakina za ta fito ba.

"In ya zo kuma, ba wata sabuwar lamba za ka sa mishi ba. Zama za ka yi da shi, ka tambaye shi, ya gaya maka, kai ma ka gaya mishi. Abin da ni na ji a gindin bishiya kai ya kamata ka ji shi."

"Inna, kin san ban iya..."

"Na sani. Ni na ɗora maka kunyar ga, ni kuma na sauke maka ita yau. Zamanin da aka yi ta, duk wanda zai yi magana da ɗanka sai ya bi ta zaure an gan shi."

Daga bayan labule na ji Hadiza na jan hanci. Ban waiwaya ba, don ni ma kaɗan ya rage.

Ƙanen Hadiza aka aiko da motar haya ranar Alhamis. Ni na haɗa kayan kamar yadda na yi alkawari, na ninke rigunan makaranta, na ƙulla masa dakuwa a leda. Sai da ya ga jaka a tsakar gida na zaunar da shi na gaya masa inda na je da abin da na faɗa. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma ce ubansa ne ya matsa ba. Na yi masa bayanin Oga iya yadda yaro zai ɗauka. Bai yi gardama ba, bai yi kuka ba. Ya dai tsaya yana kallona.

"Ke kaɗai na nuna ma wa, Inna. Ko su Bashar sun ce kada in sa miki abin kunnen, na ce ke ba ki faɗi."

Na ce haka ne, kuma na faɗa. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Dakuwar na tsince ta a kan turmi bayan motar ta tashi.

Abin da ya biyo baya kun san shi. Kabiru ya canza ranar zuwansa da motar da yake hawa, babu abin da ya same shi, ban kuma san ko da ma wani abu zai same shi ba. Iyayen Bashar suka karɓe wayar da yake shiga da ita, yayan Nura ya hana tasa, dandalin nan nasu ya watse, wannan karon da hannuna. Kabiru ya zauna da ɗansa. Hadiza ta ce mini zaman farko duk su biyun ƙasa suke kallo, amma an yi na biyu, an yi na uku. Yanzu tare suke zuwa gona, har na taɓa jin su suna musu a kan ƙwallo. Ban ce yaron bai sake taɓa wasan harbi ba, ni ba yarinya ba ce. Na dai san in ya shiga, akwai wanda zai iya tambayarsa da wa ya shiga.

Kuna tambayata ko na yi nadama. Ban yi ba, in aka maimaita haka zan sake yi. Amma kada wani ya ce muku abin bai ci mini komai ba. Maigida ya zama saurayi yanzu, ya fi ubansa tsawo, gemun ma ya fara tsirowa. Yana zuwa duk sallah, ba ya fashi. Da sallar da ta wuce ya shigo da farar shadda, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa. Ya tambayi ƙafata, ya tambayi idona, ya tambayi ko ina shan magani a kan lokaci. Na dube shi na ce bari in gwada.

"Kai Maigida, wane irin miji ne kai? Ka bar mata da yunwa, ka shigo hannu na dukan cinya, ina cefanen?"

Na jira ya rama. Na buɗe masa ƙofa har iyakarta, ko kalma ɗaya ta tsiya ya jefo mini na karɓa da hannu biyu. Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsofaffin mutane.

"Allah ya ƙara lafiya, Inna," in ji shi. Ya miƙe ya je gaida maƙwabta.